Sabon Wasa da Tsohuwar Fuska: Amsa ga Mai Gyaran Kwamfuta

TAMBAYA

 Malam, ina da tambayar da ta kwana biyu tana yi mini yawo a rai. Sana'ata gyaran kwamfuta, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗalibai ne da samari, waɗanda in an gama gyara sukan ce a sa musu gem. Kwanan baya wani ya zo da sunaye uku a takarda: Amid Evil, Dusk da Wrath. Da muka buɗe su sai na ga abin mamaki. Ba ka ganin jikin wanda kake sarrafawa, sai hannunsa riƙe da gatari ko lauje ko sanda mai feshin wuta, kana ta gudu cikin gine-ginen dutse masu duhu, dodanni na ɓullowa ta ko'ina. Hoton kuwa kaushi-kaushi, irin na wasannin da muka riƙa leƙe a kwamfutocin ofis muna yara. Na ɗauka tsofaffi ne, da na duba sai na ga an yi su tsakanin 2018 da 2024, kuma da kuɗi ake sayar da su.

Shin wannan ba yaudara ba ce, a sayar wa mutane tsohon yayi da sunan sabo? Ko masu yin su ne ba su iya ba? Me ya haɗa wasan harbi da bokaye da dodanni? Wanne ne zai tashi a ƙaramar laftof da ba ta da katin hoto, irin wadda ɗalibai suka fi riƙewa? Ta ƙarshe ita ta fi damuna. Ɗan yayata mai shekara 12 yakan zauna da ni a shago in an tashi daga makaranta, ya gani, ya nace sai na sa masa. In bar shi?

Naka, mai karatu daga Gusau.

AMSA

 Malam, na gode, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambayarka ta farko ita ce uwa, don haka a kanta zan fi daɗewa. Ba yaudara ba ce, ba kuma kasawa ba. Amid Evil da ka ambata an gina shi a kan Unreal Engine 4, injin da manyan kamfanoni ke ƙera wasanni masu hoto tamkar fim da shi. Da masu shi santsi suke so, da sun samu. Kaushin nan zaɓarsa suka yi ido buɗe. Hajarsu ta gaskiya ita ce wata hanyar gina wuri da yawo a cikinsa, wadda manyan kamfanoni suka yi watsi da ita shekaru masu yawa, fuskar kuma ta biyo hanyar ne saboda tare aka haife su.

Asalin abin a Amurka yake. A watan Nuwamba na 1991 wasu samari da ba su daɗe da kafa kamfanin id Software ba, cikinsu har da John Carmack da John Romero, suka fitar da Catacomb 3-D. A wasan kai matsafi ne da ya sauka cikin kushewa don ceto abokinsa, kuma a ƙasan allo ana ganin hannunka yana jifa da dunƙulen wuta. Sai a watan Mayu na 1992 suka yi Wolfenstein 3D mai bindiga da sojojin Nazi, sannan Doom ranar 10 ga Disamba, 1993. Ka ga ashe hannun boka ya riga bakin bindiga leƙowa a ƙasan allo.

Ba a rasa dalili ba. Samarin nan da Dungeons & Dragons suka tashi, wani wasan tebur da ya fito a 1974, inda ake zama a kewaye, mutum ɗaya na ba da labarin kogo da dodanni da dukiyar da aka binne, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko matsafi, ƙwayar ludo na yanke hukuncin wanda sara ya samu. Carmack ne ke jan labarin in sun tashi daga aiki, kuma daga wani zama da ya ƙare shaiɗanu sun mamaye duniyar wasan aka samo ƙashin bayan Doom. Shi ma wasan teburin daga littattafai ya sha: labaran Conan da Robert E. Howard ya fara bugawa a mujallar Weird Tales a 1932, da na H. P. Lovecraft masu halittun da suka girmi ɗan Adam, waɗanda ganinsu kaɗai kan zautar da mutum. Wannan reshe na tatsuniyar Turawa ya sha bamban da mai 'yar sarki da biki a ƙarshe. A nan ɓarna ta riga ta auku kafin ka iso. Birni ya zama kufai, mutanensa sun zama bayin azzalumi, kai kaɗai ka rage, kuma ko ka yi nasara ba mai taryarka da kiɗa.

Waɗanda suka mayar da wannan fage nasu su ne Raven Software, kamfanin da 'yan'uwa biyu, Brian da Steve Raffel, suka kafa a 1990 a yankin Madison ta jihar Wisconsin. Mutanen id sun zauna a garin na 'yan watanni kafin sanyi ya kore su zuwa Texas, a nan aka ƙulla zumunci. Da Doom ya fito, id ta ba Raven damar amfani da injinsa, sai ga Heretic a watan Disamba na 1994. Kallon farko ka ce Doom ne aka sauya wa riga: bindiga mai baza harsashi ta zama baka mai kibiya uku, mai harba roka ta zama sanda mai aman wuta. Amma sun ƙara abin da Doom ba shi da shi. Kana iya ɗaga kai ka dubi sama ko ka sunkuya. Kana iya tsintar kaya ka adana a jaka sai ranar buƙata: fukafukan tashi, kwalbar magani, wani ƙwai da ke mayar da dodo kaza, da littafin da in ka buɗe shi kowane makami ke sauya hali na ɗan lokaci. Jakar nan ta shigo da lissafi cikin gudu. Kana tsakiyar artabu kana tambayar kanka, in buɗe littafin yanzu ko in yi haƙuri, wataƙila abin da ke bayan ƙofar can ya fi wannan muni.

Hexen, wanda ya biyo a watan Oktoba na 1995, shi ne ya yi nisan da har yau ake jayayya a kansa. Za ka zaɓi ɗaya cikin uku: mayaƙi mai ƙarfi da sai ya matso yake sara, matsafi mai raunin jiki da ke kai hari daga nesa, ko limamin majami'a da ke tsaka-tsaki. Kowanne makamansa huɗu ne kacal, na huɗun ma gutsure uku ne da sai ka tsinto ka harhaɗa. Babban sauyin yana ga tsarin wurare. Maimakon ka gama mataki ka bar shi har abada, akwai dandali a tsakiya da ƙofofi ke fita daga cikinsa, wata zuwa ɓangaren ƙanƙara, wata na wuta, wata na ƙarfe, kuma makunnin da ka ja a can yakan buɗe wata hanya a nan. Wasan zai sanar da kai cewa wani abu ya motsa, amma ba kullum yake fayyace maka inda yake ba. Mutane da yawa sun sha zagaye suna shafa bango har suka haƙura. Masu sukar Hexen a kan wannan suna da gaskiya, wani lokacin ɓoyon ya wuce kima. Duk da haka, a ganina, babu wasan zamaninsa da ya kai shi sa mutum ya ji ya shiga wuri mai gabas da yamma, wanda dole ya haddace shi kafin ya fita.

Daga nan abin ya yi rassa. Quake ya fito a watan Yuni na 1996 da duniya mai cikakken tsawo da faɗi da zurfi, hasumiyoyin dutse da halittun Lovecraft da Sandy Petersen ya shigo da su, Trent Reznor kuma ya yi masa sauti mai sa tsikar jiki tashi. A 1997 aka samu Blood na kamfanin Monolith da Hexen II. Wasannin da aka kawo maka a takarda jikokin waɗannan ne.

To me zai sa wani ya koma wa wannan fuska a 2019? Kai ma'aikacin kwamfuta ne, za ka gane lissafin. Doom yana tashi da ram megabayit 4, yana zana hoto mai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, da launi 256. Dodanninsa ba su da jiki, zane ne shafaffe da aka yi ta fuska takwas, injin na nuna maka wanda ya dace da inda kake tsaye. Ko ɗaki a kan ɗaki ba ya iya ɗorawa. Da yake ba halin kwaikwayon duniya yadda take, sai maginan suka tattara hankalinsu kan abin da ido da hannu ke buƙata a cikin gudu, kuma a nan suka gano abubuwan da ba su tsufa ba.

Dubi ganewa. A wasan soja na zamani abokan gaba duk maza ne cikin kaki, ga ciyawa, ga hayaƙi, ga ƙura, sai ka ƙura ido kafin ka san wa ke harbinka. A waɗannan kuwa kowane dodo da surarsa da launinsa da kukansa. Kafin ka gama juyowa ka san mai tashi ne ko mai rarrafe, mai jifa ne ko mai cizo, ka san wanda za ka fara kawarwa. Hoto mai sauƙi yana barin ido ya karanta fili cikin ƙiftawa ɗaya, kuma wasan da ake gudu a cikinsa haka ba ya yiwuwa sai da wannan.

Ga kuma amsar tambayarka ta bokaye da dodanni ta fuskar aiki, wadda ta fi ta tarihi ƙarfi. Harsashi ba a ganinsa. Maganinsa ɓuya, shi ya sa a wasannin soja rabin lokacinka a tsugune kake bayan bango. Dunƙulen wutar matsafi kuwa ana ganinsa yana tahowa, ana iya goce masa. Da zarar yawancin hare-hare sun zama abin gani, ƙafarka ta zama garkuwarka, tsayuwa ta zama mutuwa. Za ka yi ta kewaya dodanni kana saƙa hanya tsakanin wutarsu, har ma ka ja wani ya jefi ɗan'uwansa su kaure da faɗa kai ka wuce, dabarar da Doom ya shahara da ita. Sihirin almara ya kuma kwance wa mai ƙirƙira hannu. Bindiga sai ta yi kama da bindiga, amma a Amid Evil akwai makamin da ke fizgo duniyoyi daga sararin samaniya, ya ƙanƙantar da su, ya jefi abokan gaba da su. Haka gini ma. Ofis ko barikin soja dole ya yi ma'ana, da bayan gida da wurin ajiye mota. Haikalin wani sarki da ba a taɓa yi ba kuwa yana iya zama duk yadda wasa ke buƙata, gada a kan rami, matakala mai hawa cikin gajimare, ba mai cewa don me.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi ƙauna a cikinsu, wato taswira. Wasan harbi na yau kamar miƙaƙƙen titin kwalta yake, da alamar kibiya a gabanka, ba ka ɓata, ba ka kuma tuna inda ka bi. Na da kuwa kamar lungunan cikin birnin Zazzau ne: ranar farko ka rikice, sannu a hankali ka fara gane cewa wannan saƙon yana ɓullewa bayan wancan masallaci, har wata rana ka yanke hanyar da baƙo ba zai taɓa gani ba. Magina irin su Romero sukan nuna maka wuri ta taga tun kafin ka iya isa gare shi, su sa maka wata hasumiya ko tafki da za ka riƙa gane alƙibla da shi, su lanƙwasa hanya ta dawo da kai inda ka fara amma ta wata ƙofar da ɗazu take kulle. Sukan ɓoye ɗakuna a bayan bangon da launinsa ya ɗan saɓa. Kuma binciken yana da lada, domin lafiyarka ba ta dawowa da kanta. In an ji maka rauni, sai ka tuna kwalbar maganin da ka bari a wani ɗaki can baya, ka yanke shawara ko ta cancanci komawa. Wasan ya ɗauke ka mai hankali, ya bar ka da wurin. Duhun ma aiki yake yi: fitila mai ƙyaftawa a ƙarshen rami tana jan ƙafarka ba tare da an rubuta maka umarni ba, kuma abin da ɗigon hoto bai fayyace ba zuciyarka ce ke ƙarasa zana shi, sau da yawa fiye da yadda mai zane zai iya.

Yadda aka yi wannan salo ya ɓace ba wani abin ɓoye ba ne. Half-Life ya zo a 1998 ya nuna cewa ana iya ba da labari kamar fim a cikin wasan harbi. Halo na 2001 an tsara shi don na'urar Xbox, inda ake juyawa da babban yatsa maimakon linzamin kwamfuta, sai gudu ya ragu, makamin da kake ɗauka ya koma biyu. Call of Duty 2 na 2005 ya yaɗa tsarin da rauni ke warkewa in ka ɗan ɓuya. Kuɗin ƙera wasa ya yi ta hauhawa, kuma kamfanin da ya kashe miliyoyin daloli a kan fage ɗaya ba zai yarda a ɓoye shi bayan bango ba, dole kowa ya bi ta kansa. Ita kanta Raven, wadda Activision ta saya a 1997, daga baya aikin Call of Duty ta koma yi.

Abin da ya hana salon mutuwa shi ne wata kyauta. A watan Disamba na 1997 Carmack ya saki asalin rubutun injin Doom ga kowa, daga baya na Quake da Heretic da Hexen suka biyo. Masu sha'awa suka ɗauka suka gyara shi ya riƙa tashi a sababbin kwamfutoci, suka yi ta gina taswirori dubbai suna rabawa kyauta, shekara da shekaru, ba mai biyansu. A wannan makaranta aka horar da da yawa daga cikin waɗanda suka dawo da salon kasuwa. Da sabon Doom na 2016 ya samu karɓuwa, ƙofa ta buɗe. David Szymanski, kusan shi kaɗai, ya yi Dusk, kamfanin New Blood Interactive ya fitar da shi a Disamba 2018. Amid Evil ya biyo a Yuni 2019 daga hannun wasu 'yan ƙasar New Zealand da suka fito daga cikin masu gyaran Doom. Nan ma fuskar ta yi rana, domin mutum ɗaya ko biyar ba za su iya zana kowane gashin gira ba, amma za su iya gina wurare talatin masu kyau. Akwai kuma labarin haƙƙin mallaka. Na Heretic da Hexen ya daɗe a rabe tsakanin id da Activision, sai Microsoft ta sayi uwar kamfanin id a 2021, ta sayi Activision a 2023, suka koma gida ɗaya. A watan Agusta na 2025 aka sake fitar da su biyun a haɗe, kamfanin Nightdive ya gyara su, da sababbin babuka.

Inda zarginka yake da ƙamshin gaskiya shi ne, da kasuwa ta buɗe, 'yan kwaikwayo sun cika ta. Akwai wasanni da yawa da suka ari kaushin hoto da jan jini, amma in ka shiga sai ka tarar ɗaki ne murabba'i bayan ɗaki murabba'i, a kulle ka, a zubo dodanni, a buɗe. Waɗannan sun ɗauki riga sun bar mai rigar. Ga gwajin da nake ba mutane: yi rabin sa'a kana wasa, ka rufe, ka ɗauki biro ka zana wurin da ka bi. In ka iya tuna inda gadar take da yadda hanya ta zagayo, magini ne ya yi shi. In ba abin da ya zauna maka sai ja da baƙi, kada ka sa wa kowa shi.

A ukun da aka kawo maka, Amid Evil ne na fi so. Babi bakwai ne, kowanne da irin gininsa da dodanninsa, kuma na ƙarshe-ƙarshen suna da wurare masu sa mutum ya tsaya kallo. Dusk ya fi tsoratarwa, yana farawa a gonakin jihar Pennsylvania cikin 'yan ƙungiyar asiri, ya yi ta nutsewa har duniya ta birkice. Wrath: Aeon of Ruin an gina shi ne a kan wani reshe na injin Quake na asali, ya shiga kasuwa rabi-rabi a 2019, bai kammala ba sai Fabrairu 2024. Gininsa na ƙwararru ne, amma matakansa suna da tsawon da kan gajiyar, kuma adana inda ka kai ma sai da wani abu da ake tsinta ƙididdigagge. Ba da shi zan fara wa baƙo ba.

Batun laftof, kada fuska ta ruɗe ka. Amid Evil yana da haske da inuwa na zamani a ƙarƙashin kaushin, yana iya wahalar da na'urar da ba ta da katin hoto. Dusk ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Mafi sauƙi duka su ne na asalin. Fayilolin Heretic da Hexen kowanne bai kai megabayit 30 ba, a zamanin da Call of Duty ɗaya ke cin sama da gigabayit 100, kuma manhajar Chocolate Doom, wadda kyauta ce, tana tashe su a kusan kowace kwamfuta da ke kunnuwa. Wata manhajar irinta, GZDoom, ta fi ƙawa amma ta fi son ƙarfi. Ga wanda ba shi da kuɗin saye, akwai Freedoom, cikakken wasa da masu sa kai suka yi, halal ne a sauke shi a raba. Sauran ana samunsu a Steam da GOG, kuma sukan karye farashi sosai lokacin rangwame. Kwafin sata ba sai na gaya maka abin da yake shigowa da shi ba, kai ake kawo wa gyaran, ga kuma haƙƙin mutum ɗaya ko biyu da suka yi shekaru suna aiki. In wani ya yi kukan jiri, wanda ya zama ruwan dare a irin wannan gudu, ka shiga saiti ka faɗaɗa kusurwar gani, ka kashe rangajin kai.

Saura yaron. Amsata ita ce kada ka sa masa waɗannan ukun, kuma ba na jin nauyin faɗa duk da ƙaunar da nake wa salon. Su kansu masu yin su ba don yara suka yi ba. Hukumar ESRB da aka kafa a Amurka a 1994, bayan zaman majalisar dattawa kan tashin hankali a wasannin bidiyo, ta sa wa Doom da Quake da yawancin danginsu alamar M, wato daga shekara 17. Akwai jini da gunduwa-gunduwar jiki, kuma Dusk an gina shi ne musamman don ya firgita babba. Ba ina cewa wasa zai mayar da shi mai kisa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ke danganta waɗannan wasanni da aikata ta'asa, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa da zafin rai. Abin da na fi ji wa ɗan shekara 12 shi ne mafarkin tsoro, da sabawa da ganin jini tun ido bai yi ƙwari ba, da cin lokacin karatu da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019.

Na san akwai abin da ke bayan tambayarka wanda ba ka furta ba, wato tsafin. Ga yadda abin yake, don ka san abin da za ka kai gaban malamai in kana neman hukunci, domin hukunci nasu ne. Ba a koyar da wani surkulle, ba abin da ake karantawa, maɓalli kake dannawa wuta ta fita, kuma kusan kullum shaiɗanun su ne abokan gabar da kake yaƙa. Amma alamomin suna nan a bango: tauraro mai ƙafa biyar na matsafan Turai, gicciye a kife, bagadan yanka, gumakan allolin ƙarya, wani wasan kuma kai kanka matsafi ne. Ko a Amurka iyaye da limaman coci sun yi ta ƙorafi a kan Doom, Jamus kuma ta taƙaita sayar da shi har zuwa 2011. Baligi mai hankali ya san zane ne, zai auna wa kansa. Yaro bai kai nan ba, kuma amana ce yayarka ta ba ka.

Sai dai kada ka kore shi hannu rabbana, domin abin da ya ja shi, gudun da binciken, ba laifi ba ne. 'Yan shekaru bayan Doom, wani kamfanin abincin karin kumallo a Amurka ya sa aka yi Chex Quest a kan injin Doom, aka riƙa saka faifansa kyauta a kwalin hatsi. Babu jini, babu shaiɗanu, wasu halittu ne masu yauƙi da kake mayarwa duniyarsu da na'ura, kuma an sabunta shi a 2020 ana ba da shi kyauta. Wannan ya dace da shekarunsa. Abin da ya fi shi ma, tunda a shagon kwamfuta yake zama in an tashi daga makaranta, ka sauke masa Ultimate Doom Builder, manhajar zana taswira, ita ma kyauta. Zana layi yake yi a kan allo kamar mai fitar da fulotin gida, ya ba bango tsawo, ya sa ƙofa da fitila, ya danna maɓalli ya shiga cikin abin da ya gina. Ba dole ya sa dodo ko ɗaya ba. Ka ce ya fara da shagonka, da teburin da kantar da ƙofar waje, in ya iya ya ƙara da layinku. Dario Casali, wanda kamfanin Valve ya ɗauka ya yi aikin Half-Life, da taswirorin Doom da ya zana a gida aka san shi. Ka yanka masa lokaci, bayan aikin makaranta da Islamiyya, kuma allon ya kasance inda idonka ke kaiwa.